Gwajin Kalilu na Uku

Malam Atiku yana da tasta. Gara a fara da wannan, domin shi ma da shi yake so a fara. 'Yar sukundireba ce mai gindin roba garai-garai, da ɗan ƙwai a ciki wanda yake yin ja idan bakinta ya taɓa wayar da ke da wuta. A aljihun gaban rigarsa take zama kusa da biro, kanta a waje yadda kowa zai gani.

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da lissafi a firamare a Sabon Birni, ba a taɓa kiransa da komai ba sai Malam. Ya sayi tasta ranar wata kasuwa, kafin wata biyu an fara ce masa Injiniya. Gaskiya dai mutum ɗaya ne yake faɗa, taubashinsa Abdulgani mai shayi, kuma da wata irin murya yake faɗa. Malam Atiku ya zaɓi ya ji kalmar, ya bar wa Abdulgani muryarsa.

Ba a ce bai taɓa yin aiki ba. Ya sauya mazaunin ƙwai a masallacin unguwa. Ya kuma gyara rediyon matarsa Fadima, wadda tun daga ranar tashar Nijar kaɗai take kamawa. Ita kuwa tastar ba ta cika samun abin faɗa ba, don rabon unguwar da wutar gwamnati, waɗanda aka haifa a shekarar har sun shiga aji uku.

Saboda haka da aka gina wa unguwar famfon burtsatse mai aiki da sola, ba a yi doguwar shawara ba wajen naɗa shugaban kwamiti. Mai tasta aka ba. Faranti goma sha biyu ne a kan ƙarafa suna kallon sama, da tanki a bisa, da akwatin ƙarfe a jikin ginshiƙi inda wayoyi suke haɗuwa, da bakin famfo huɗu. Da can huɗun sun isa. Amma tun da mutanen wajen Gatawa suka fara kwararowa cikin gari saboda 'yan bindiga, layin jarkoki ya ninka. A gidan Malam Atiku kansa akwai Inna Binta, wata tsohuwa da ta zo da jikokinta mata uku da tukunya ɗaya, aka ba ta ɗakin zaure.

Ranar Litinin famfo ya tsaya.

Malam Atiku ya je da hantsi, jama'a na biye da shi. Ya buɗe akwatin, ya tarar da wata jar waya mai kauri ta ƙone ta fice daga mazauninta, bakinta tsirara, ga wata tsaka a gefe ta bushe ƙayau. Ya sauke makunni. Ya zaro tasta a hankali, yadda likita yake zaro allura, ya ɗora babban yatsa a gindinta, ya taɓa bakin wayar. Ba ta yi ja ba.

"Babu wuta," ya sanar. "Wayar ga ta, ita ta hita. In maishe ta, shi ke nan."

Ya koma gida ɗauko filaya, bai same ta ba. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan buhun gero. Fadima tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, rediyona ma bai gama warkewa ba. Na kira garinmu Isa. Kalilu mai gyaran wuta shina zuwa."

Fadima 'yar garin Isa ce, kuma a wurin mutanen Isa duk wayar da Kalilu bai taɓa ba, ba a taɓa ta ba tukuna. Matsalar ita ce Kalilu ba ya samuwa sai Alhamis. Kwana uku unguwa ta yi tana bin 'yan ga-ruwa, su ma ruwan ya gagare su. Ranar Laraba da yamma Inna Binta ta tsaya a ƙofar zaure da jarka a hannu.

"Ɗan nan, gobe in ba ruwa za ni gulbi da 'yan matan ga. Ba mu iya zama haka."

"Inna, hanyar gulbi ba ta biyuwa yanzu. Ke kin hi ni sani."

"Na sani. Ƙishirwa ma na san ta."

Malam Atiku ya san ba barazana take yi ba. Matar da ta tako daga Gatawa da ƙafa ba za ta tsaya jin ra'ayin shugaban kwamiti ba.

Kalilu ya iso Alhamis bayan azahar, don sai da ya jira motoci suka taru aka taho tare saboda 'yan bindigar hanya. Ɗan gajeren mutum ne siriri, gemunsa ya yi fari, yatsu biyu na hannunsa na hagu sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Bai iya kai babur ɗinsa gindin famfo ba, saboda jarkoki sun kewaye wurin sahu-sahu, kowace tana riƙe wa mai ita layi tun Litinin, kuma taɓa jarkar wata a unguwar nan ya fi taɓa wayar wuta haɗari. Sai ya kafe shi can bakin teburin Abdulgani, taku talatin daga akwatin.

Aka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da zafi. Sannan ya ce, "Shugaba, da an kira la'asar za ni kama hanya. Ko an ƙare ko ba a ƙare ba. In ba a ƙare ba, sai wani mako."

Malam Atiku ya duba agogo. Awa ɗaya da 'yan mintoci.

"Ai aikin minti biyar na, Malam Kalilu. Na riga na auna. Babu wuta."

"Madalla," in ji Kalilu.

Ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Ya cire zoben azurfa ya sa a aljihu. Ya sauya takalmi, ya sa wasu na roba masu kauri. Duk a natse, kamar mai shirin alwala. Daga nan ya buɗe jaka ya fito da mita, wani ɗan akwati ruwan ɗorawa mai gilashin lamba, da igiyoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a baki. Malam Atiku ya dubi mitar, ya dubi aljihunsa, ya ɗan gyara biro ya rufe tastar.

Maimakon ya nufi akwati, sai Kalilu ya tsuguna gaban babur ɗinsa, ya buɗe murfin gefe, ya ɗora tsinkayen a kan batir.

"Sha biyu da ɗigo shida," ya faɗa wa kansa.

"To, ga ta nan," in ji Abdulgani daga bayan tukunyar shayi. "Mun kira likita ya duba mara lahiya, ya zo shina auna jakinai. Injiniya, kai ba haka kaka yi ba ko?"

Aka yi dariya. Malam Atiku ma ya yi, har da ɗan girgiza kai irin na abokin sana'a da ya ga ana ɓata lokaci.

Kalilu ya ratsa jarkoki da tsallake-tsallake, Malam Atiku na biye. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. Sannan ya miƙa igiyoyin, ya ɗora jan tsinke a bakin wayar da ta fice, baƙin kuma can ƙurya a kan 'yar uwarta. Gilashin ya nuna sifiri.

Malam Atiku ya leƙa, ya gani da idonsa. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki.

"Sihiri!" ya ɗaga murya don na nesa su ji. "Mi nic ce muku tun Litinin? Kwana ukku muna shan wahala a banza!"

Ya naɗe hannun riga. Ya hango Inna Binta a bakin layi da jarkarta, ya hango rana ta fara karkata. Ya miƙa hannu zai jawo wayar waje don a samu saurin aiki.

"Shugaba," in ji Kalilu, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Taimake ni. Riƙe min jakar ga. Da hannu biyu, don Allah, kada ta taɓa ƙasa. Akwai kayan da ba su son ƙura."

Ya ɗora masa jakar a ƙirji. Nauyi gare ta kamar an cika ta da duwatsu. Malam Atiku ya rungume ta, yana jin cewa a ƙarshe an gane matsayinsa: cikin duk taron nan, shi aka ba amanar kayan aiki.

Kalilu ya juya, ya sake tsallake jarkoki, ya koma wurin babur.

"Ya koma!" in ji Abdulgani. "Wallahi ya koma! Malam Kalilu, in sallama za ka yi da shi, ai tare za ku tahi!"

Malam Atiku ya tsaya shi kaɗai gaban buɗaɗɗen akwati. Wayar tana nan, taƙi ɗaya daga hancinsa. Mita ta ce sifiri, tasta ta ce sifiri, shaidu biyu ke nan, ko a gaban alƙali sun isa. Da hannunsa ɗaya a sake yake, da ya gama. Ya yi tunanin ajiye jakar a kan wata jarka, sai ya tuna mai jarkar, ya fasa.

Can wurin babur, Kalilu ya ɗora tsinkaye a kan batir. Ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Abdulgani, wanda ya fi kowa kusa, ya leƙo.

"Sihiri kuma? To ai batirin mashin ɗin ya mutu."

Kalilu ya danna hon. Babur ya yi ƙara har wata akuya ta zabura.

Ya kama baƙar igiyar kusa da mariƙinta, ya lanƙwasa ta a hankali. Lamba ta bayyana, ta ɓace. Ya sake lanƙwasawa. Ta bayyana, ta ɓace. Daga waje igiyar lafiya lau take, ko ƙwarzane babu. A ciki ne ta tsinke. Tana sake, bakin biyu suna haɗuwa. Da ya miƙa ta cikin ƙuryar akwati, sai suka rabu.

Ya dawo, ya zaro wasu sababbin igiyoyi daga jakar da ke ƙirjin Malam Atiku, ya ce, "Ci gaba da riƙo, Shugaba." Ya koma babur. Sha biyu da ɗigo shida. Ya dawo akwati. Ya ɗora tsinkayen daidai inda ya ɗora ɗazu, ya karkato gilashin.

"Kai ne malamin lissahi. Karanta muna."

Malam Atiku ya karanta. Ya sake karantawa, ko akwai ɗigon da bai gani ba. Babu ɗigo.

"Ɗari huɗu da sittin da takwas."

"Wutar gida ɗari biyu da 'yan kai ta," in ji Kalilu. "Wagga kuma in ta kama, ba ta cika saki ba."

Malam Atiku ya dubi busasshiyar tsakar nan da ke gefen akwati. Tun Litinin yake ganinta, sai yanzu ya ji kamar sun san juna. Ya ja da baya, har ya kusa zama daɓas gaban jama'a. Allah ya taimake shi jakar tana da nauyi, kowa ya ɗauka ita ce.

"Amma na kashe makunni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka kashe. Makunnin ga tsakanin akwati da injin ƙasa yake. Wayar ga kuwa daga bisa ta hito." Ya nuna farantan da haɓa. "Rana ka ba ta wuta, kuma ga ta can ba ta faɗi ba."

"Tasta fa?"

"Ba ni ita."

Da yake hannuwansa a cike suke, sai Kalilu ya zare ta da kansa daga bayan biro. Ya juya ta, ya duba, ba da raini ba.

"Mai kyau ta. Amma don wutar gida anka yi ta, wadda ka neman ƙasa ta jikin mutum. Wutar sola tsakanin wayoyinta biyu take, sai ta ƙi kunna ta. Ko ta kunna, cikin ranar ga wa ka ganin ɗan jan nan? Shugaba, in ta yi ja, yarda da ita. In ta yi shiru, ba ka sani ba: ko wuta ta babu, ko ita ta kasa. Mita tawa ma ka ga abin da ta yi yanzu." Ya ɗaga hannunsa na hagu mai lanƙwasassun yatsu. "Injin niƙa na, a Kamarawa. Mita ta ce sihiri, ashe batirinta ya mutu. Tun ran nan sai na gwada ta inda na san akwai wuta, in gwada aiki, in koma in sake gwada ta. Na ukkun nan shi mutane ka dariya."

Ya mayar masa da tastar aljihu, ya gyara mata zama, kanta a waje.

Saura minti arba'in. Kalilu ya ce a rufe farantan. Nan fa unguwa ta motsa. Aka fito da tabarmi, da barguna, da buhunan taki da aka farke, da ledar da Abdulgani yake rufe teburinsa. Inna Binta ta kawo tabarmarta guda ɗaya tak. Fadima ta aiko da bargon Malam Atiku, da kuma filayarsa, wadda ta bayyana cikin ikon Allah a cikin kwanon tuwo. Kalilu ya hau tsani ya shimfiɗa, famfon ya koma kamar shanyar gidan biki. Lamba ta sauka, amma ba ta kai sifiri ba. Sai ya sa safar hannu ta roba, ya bi bayan farantan yana rarraba mahaɗansu, har ya raba jar wayar da su gaba ɗaya.

Ya sauko, ya ɗauki mita, ya dubi inda babur yake.

"Haba dai!" in ji Abdulgani. "Ka rufe, ka cire, mi ya rage? La'asar fa ta ƙarato!"

"Rufe muna baki, Abdulgani," in ji Malam Atiku. "Shayinka ma da ana gwada shi sau ukku da ba a sha ba."

Ya miƙa wa Kalilu jakarsa. Sannan ya yi abin da babu shugaban kwamitin da ya taɓa yi a tarihin unguwar: ya shiga cikin jarkoki yana kawar da su gefe. Mata suka yi caa. Ya ce ya haddace layin kowa, shi da ya haddace sunayen aji mai mutum tamanin. Ƙarya yake yi, amma ya buɗe hanya. Ya turo babur ɗin da kansa, yana nishi, har gindin akwati. Taku talatin ya koma taku biyu.

Kalilu ya dube shi, ya yi ɗan murmushin farko tun zuwansa. "Ka ga amfanin lissahi."

Batir, sha biyu da ɗigo shida. Waya, sifiri. Batir kuma, sha biyu da ɗigo shida. Sai a lokacin ya sa hannu. Aikin kansa, kamar yadda Malam Atiku ya faɗa tun farko, bai wuce minti biyar ba: ya yanke ƙonannen baki, ya fere, ya sa sabon kai, ya ɗaure tam, ya toshe ramin da tsaka ta bi ta shiga. Ya hau ya mayar da mahaɗai. Aka kwashe tabarmi, kowa yana neman tasa. Ya ɗaga makunni.

Shiru. Kalilu ya kara kunnensa a jikin bututun da ya hau tanki, ya rufe ido. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Shina hawa," ya ce.

Ya mayar da zobe, ya ɗaura agogo, ya sauya takalmi. Kafin ya tayar da babur ya juya wurin jama'a.

"Shugabanku ya gano ciwon daidai. Wayar da ya nuna, ita ta. Ni ɗaurewa kawai niy yi."

Sai bayan ƙarar babur ta ɓace ne Malam Atiku ya tuna jakar nan. Ya tuna inda Kalilu ya ajiye ta da ya karɓa: a ƙasa, cikin turɓaya, ko kallonta bai yi ba.

Ruwa ya zo ana sallame la'asar. Aka yi rigimar layi wadda har yau ba a gama ba. Malam Atiku ya ɗauki jarkar Inna Binta ya sa a gaba da ikon kujerarsa, ya tsaya har ta cika.

"To, Inna, gulbi fa?"

"Gulbi na nan inda yake," ta ce. "Ɗora min."

Gab da magariba ya zauna a bencin Abdulgani ya kira Kalilu, ya ji ko ya isa Isa. Wayar ba ta shiga ba. Ya sake kira, shiru. Ya fara lissafin inda hanyar ta fi muni. Sai ya tsaya. Ya lalubo lambar Abdulgani, wanda ke tsaye gabansa yana fifita gawayi da wayarsa a aljihu, ya danna.

Ita ma ba ta shiga ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Sabis na."

"Mi kaka yi, Injiniya?"

"Gwaji. Zuba min shayi."

Ya ɗauki kofinsa ya taka zuwa kan tudun bayan masallaci, inda sabis yake zama idan ya ga dama. Ya fara kiran Fadima, ta ɗauka ta tambaye shi ko lafiya, ga shi ga gida. Sannan ya kira garin Isa. A bugu na biyu aka ɗauka, ya ji muryar Kalilu da kukan awaki a bayansa.